Inabin Surukina a Cikin Bokiti

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na shiga motar haya daga Gashuwa zuwa Nguru, na sha babbar riga ta shadda da hula zanna, rungume da tsohon bokitin fenti a kan cinyata. Bokitin lulluɓe yake da leda, na kuma yafa masa tawul. Duk wanda ya matso kusa sai na harare shi. Da ka ganni a ranar ka ce lambar yabo zan je karɓa. Ashe kunyar da zan sha ce nake ta lallaɓawa don kada ta zube a hanya.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane yadda bokitin ya hau cinyata.

Ni malamin makaranta ne a Gashuwa, tarihi nake koyarwa. Matata Falmata 'yar Nguru ce. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai ƙarancin magana. A tsakar gidansa akwai inabi da ya hau rumfa ya rufe ta. A ƙasarmu mai zafin nan, samun inabi mai 'ya'ya a gidan mutum abin faɗa ne, har kwatance ake yi da gidan. Baba ya dasa shi ne shekarar da mahaifiyar Falmata ta tare, kuma tun da Allah ya yi mata rasuwa ba ya yarda kowa ya ba shi ruwa sai shi da kansa.

To ni dai na sha jin labarin inabin nan, na kuma sha cin 'ya'yansa idan an aiko mana. Amma ganinsa da ido, gaskiya ban taɓa yi ba. Kada ku yi mamaki. Ni suruki ne mai kunya, irin na gidan da aka yi tarbiyya. Tun daga zaure nake cire takalmi in sunkuyar da kai, in durƙusa a gefen tabarma in gaida Baba, idona a ƙasa har in fita. Na san kowace tsaga ta simintin gidan nan. Na san yatsun ƙafar Baba fiye da fuskarsa. Abin da ke saman kaina kuwa, inuwarsa kawai na sani.

Ana nan sai aka sa ranar auren Bukar, ƙanen Falmata, kuma aka ce a cikin gida zai zauna. Magini ya zo ya auna ya ce babu inda ɗaki zai shiga sai daidai gindin inabin. Baba ya kwashe kwanaki yana juya maganar. Daga baya ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: ba za a sare shi ba sai an yanki rassansa an dasa, an tabbatar ɗaya ya kama. Akwai wani mai lambu a fadama da ya yi niyyar bai wa aikin.

Falmata na ba ni wannan labari muna cin tuwo, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Mai lambu kuma? Ina raye?"

Ta ajiye cokali ta dube ni. "Abban Hanifa, kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba?"

Na ce ai yanzu zamani ya canza, komai yana cikin waya. (Gaskiyar magana ita ce, sauran surukan Baba kowa da abin da yake yi masa. Ɗaya yana kai buhun shinkafa, ɗaya ya gyara masa rijiya. Ni gaisuwa kawai nake kaiwa, ita ma a sunkuye. Na ga dama ta samu.) Na matsa mata ta kira gida. Shi kuma Baba, da yake mutum ne mai kara, ba zai iya ce wa mijin 'yarsa a'a ba. Bayan kwana biyu direba ya kawo mini damin rassa naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Lokacin sanyi ne, an yi wa inabin aski, don haka sanduna ne zalla, ba ganye ko ɗaya. Mai lambu kuwa aka ce masa ya huta.

Na ɗauki waya na fara neman yadda ake sa reshe ya yi saiwa. Bidiyoyi suka fito rututu. Waɗanda suka fi burge ni wasu samari ne Turawa masu gemu, a ƙananan ɗakuna masu wata irin fitila, suna magana a hankali kamar masu jinya. Yadda suke riƙe reshe da tausayi ya sa na ce waɗannan su ne malamai. Na duƙufa ina ɗaukar darasi a wurinsu, har ina tsayar da bidiyo in maimaita. Ran nan da yamma Falmata ta leƙo ta bayan kafaɗata.

"Ganyen mene ne wannan?"

"Rama ce ta Turawa," na ce, ba tare da na ɗago ba.

Ta karɓi wayar ta ƙura mata ido, sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Abban Hanifa, wannan ai wiwi ce! Irin wadda ake barbazawa a tebur a labarai idan an kama mutane!"

Na karɓa na duba da kyau. Wallahi ita ce. Ashe duk kwanakin nan a gaban 'yan wiwi nake zaune ina cewa na'am. Shi ya sa suke magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na ɗauka natsuwa ce irin ta masana.

Falmata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta tashi ta shiga kicin, na jiyo ta tana ci gaba. Ni kuwa abin da na tsana a duniya shi ne a yi mini dariya a cikin gidana. Na goge bidiyoyin, amma na ce mata reshe ai reshe ne, hanyar ɗaya ce, kuma tun da abin ya zama na raini, ba za ta ƙara ganin aikina ba sai ranar da ya kammala. Na kwashe bokitaina na kai tsohon ɗakin kaji da ke bayan gida, wanda rabin rufinsa ya yaye, na sa masa kwaɗo, na jefa makullin a aljihu. Ku lura da wannan: mutum ɗaya tak a duk Gashuwa da ta girma a ƙarƙashin inabin nan, ita na kulle a waje.

Aiki ya fara. Na cika bokitai da yashi, na tsoma gindin kowane reshe a zuma na soka, na yayyafa ruwa, na rufe da leda. Har nan ban yi laifi ba. Laifina rashin haƙuri. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai in shiga in zaro reshe in duba ko ya yi saiwa, in ga babu, in mayar. Da na dawo in sake zarowa, ko ya yi a bayana. Idan na ga ya yi yaushi in ƙara ruwa. Idan ya ƙara yaushi in ƙara zuma, har tururuwa suka mayar da ɗakin kajin gidan biki. Ɗaya bayan ɗaya rassan suka yi baƙi suka ruɓe. Kowanne na fitar a ɓoye cikin aljihun wando na jefar a bola a hanyar makaranta, don kada Falmata ta gani a shara.

Haka har ya rage saura ɗaya. Na zauna a kan bulo na yi wa kaina faɗa. Na yi alkawarin wannan ba zan sake taɓa shi ba. Kuma da yake na ji an ce inabi mai hawa ne, na ga ya kamata in ba shi abin jingina tun yana ƙarami. Maƙwabcina Malam Sale ya tara ɗanyun sanduna a ƙofar gida zai gyara dangarsa. Na zaɓi wata miƙaƙƙiya mai kaurin yatsa, daidai da reshen nawa, na soka a gefensa cikin sabon yashi. Sannan na yago ƙyallen tsohuwar atamfa na naɗe su tare tun daga ƙasa har sama, kamar ɗaurin karaya, kawunansu kawai na bari a waje. Na rufe da leda, na ɗaure bakin bokitin. Daga ranar sai dai in zuba ruwa ta gefe in leƙa ta cikin raɓar da ta lulluɓe ledar.

A tsakanin nan ne Malam Sale ya tare ni bayan sallar la'asar. Ashe Falmata ta ba matarsa labarin malamaina don su yi dariya, labarin kuma ya tsallake katanga ya canza kaya. Ya ja ni gefe ya rage murya.

"Malam, mu maƙwabta ne, kuma ni na girme ka. Kullum ina jin ka kana buɗe ɗakin kajin nan kana rufewa, ga shi kuma ba ka da kaza. Idan abin nan ne da ake faɗa, ka ji tsoron Allah ka tuge shi. Kana da iyali."

Na ce masa inabi ne.

Ya ce, "To. Haka ake kiranta yanzu?"

Ban nuna masa ba. Da na nuna masa, da ya gane sandarsa, da labarin nan bai kai ku ba. Amma girman kai ya hana, na ce zai gani da idonsa ranar da kowa zai gani.

Wata safiya na leƙa sai na hango wani abu kore ta cikin ledar. Na goge ido na sake dubawa. Toho ne, ɗan mitsitsi, a saman ƙyallen. Jama'a, ranar da aka haifi Hanifa na yi murna, amma ban yi tsalle ba. Ranar nan na yi tsalle har kaina ya bugi langa-langa. Cikin 'yan makonni toho ya zama ganye, ganye ya zama ganyaye, masu sheƙi da santsi. Na kwanta a ƙasa na leƙa ta hujin da na huda a gindin bokitin, na ga fararen saiwoyi sun leƙo. Me kuma ake jira?

Na shiga gida ina tafiyar ƙasaita, na ce, "Ki kira Baba ki ce masa ya kama."

Falmata ta miƙe. "Da gaske? Mu je in gani."

"Ba yanzu ba. Jariri ne, kambun baka nake tsoro."

"Ni ce mai kambun bakan?" Ta daina murmushi. "Abban Hanifa, ka tabbata? Baba fa maganarka kawai yake jira. Idan aka sare, an sare ke nan."

Na ce, "Ki ce a sare."

Waɗannan kalmomi su ne har yau idan na tuna nake jin kamar in buɗe ƙasa in shige. Ta kira, ta faɗa. Washegari Bukar ya bugo yana ta godiya, ya ce an sare, an tone gindin, magini ya fara aza harsashi. Ya ce Baba bai tsaya ya gani ba, tun da safe ya tafi shagon wani amininsa bai dawo ba sai da aka share wurin. Na ɗan ji wani abu a raina, amma na ce ba komai, ai magajinsa na hannuna.

Ba wai babu alamu ba. Akwai. Ran nan ganye ɗaya ya karye a hannuna, sai wani farin ruwa mai danƙo ya fito kamar madara. Na ce wannan zaƙin ne ya fara taruwa tun yanzu. Na kuma lura abin ba ya neman hawa komai, tsaye yake ƙyam. Na ce ƙarfi ne ya yi masa yawa saboda zuma. Duk abin da ido ya kawo mini, sai zuciya ta yi masa fassara mai daɗi ta mayar.

Biki ya matso. Falmata da Hanifa suka riga ni tafiya don aikin gida, ni kuma na biyo ranar ɗaurin aure, da bokitina a cinya kamar yadda na faɗa muku. Kafin mu kai Jajimaji aka tsayar da mu a shingen bincike. Jami'in ya leƙo, idonsa ya sauka a kan tawul.

"Malam, me ke ciki?"

"Dashe ne, yallaɓai."

"Dashen me ake rufewa haka? Buɗe."

Wata mata a bayana har ta fara salati. Na ɗaga tawul ta ɓangarensa kawai, na buɗe ledar kaɗan. Ya duba, ya shinshina, ya sake dubawa. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Ina za ka kai wannan?"

"Nguru."

"Babu ita a Nguru ne?"

Na ce da alfahari, "Guda ɗaya ce a duk garin, ita ma an sare." Ya dube ni, ya dubi babbar rigata, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Har muka yi nisa ina hango shi ta madubi yana ba abokin aikinsa labari. Na ce a raina, bawan Allah, bai taɓa ganin inabi ba.

An ɗaura aure lafiya, aka ci shinkafa, baƙi na nesa suka fara raguwa. Sai Baba ya aiko a ce Malam ya shigo da abin. Na shiga tsakar gida na tarar an yi shiri. A gefen sabon ɗakin an haƙa rami an zuba taki, an kuma kafa 'yar sabuwar rumfa ta azara, tana jira. Baba na zaune a kan kujera. Sauran surukansa na tsaye, ga ango da abokansa, ga mata sun bar tukwane sun matso, Falmata na cikinsu tana murmushi. A gefe a kan tabarma Kaka Yagana ce, mahaifiyar Baba, tsohuwa tukuf da ido ya yi wa rauni amma baki bai yi ba. Tun ranar da na auri jikarta take kirana angonta, kuma ita kaɗai ce a gidan nan take da lasisin faɗa mini duk abin da ta ga dama.

Da na ajiye bokitin na buɗe na koma gefe, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Malamin makaranta ya ga taro. Sai na gyara murya na fara jawabi. Na yi bayanin yashi da amfaninsa. Na yi bayanin zuma. Na ce babban sirrin dashe shi ne haƙuri, kada mutum ya riƙa zaro reshe yana dubawa kamar yadda jahilai ke yi. (Eh, da bakina na faɗi haka.) Na ce duk mai son koyo ƙofata a buɗe take. Mai gyaran rijiya har yana gyaɗa kai. Sannan na yi bismillah na yaye tawul, na zare leda.

Ga shi nan, kore shar, ya kai tsayin hannu, ganyayensa na sheƙi a rana.

Ba wanda ya ce komai. Na ɗauka mamaki ne. Na saci kallon Falmata, sai na ga murmushin ya tafi, ta ja mayafi ta toshe baki, idanunta sun yi waje. Ango ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Can sai na ji muryar Baba a hankali.

"Masha Allah. Ya yi ganye."

Wannan ita ce karar suruki. Da a ce mu biyu ne kawai a gidan, na tabbata da haka zai bar ni in dasa, in yi sallama in koma Gashuwa da farin cikina. Amma Kaka Yagana na nan.

"Ku kawo mini shi nan," ta ce. "In taɓa jikan inabin nan kafin in mutu."

Na ɗauka da kaina na kai gabanta na durƙusa. Ta lalubo ganye ɗaya ta murza, ta tsinke shi, farin ruwan nan ya ɗiga a yatsanta. Ta kai hanci. Sai ta ɗago fuska wajena, bakin nan da ba haƙori ya buɗe.

"Wushe, angona, sannu da hanya. Tun daga Gashuwa ka ɗauko mana ceɗiya?"

Na ce, "Inabi ne, Kaka."

"Inabin gidanku ke nan?"

"Wani iri ne... idan yana ƙarami haka yake fitowa."

"To, ni dai na tsufa, amma awakina sun ci wannan kafin a haifi uwarka." Tana magana hannunta na lalube, har ta kama bakin ƙyallen atamfar. Ta fara warwarewa. Ina kallo, kowa na kallo, zagaye bayan zagaye. Da ta zo ƙarshe, sai wani busasshen tsinke baƙi ƙirin ya rabu da ɗan'uwansa ya faɗi a kan tabarma. Shi ne inabin. Ya daɗe da mutuwa. Wanda ya yi saiwa ya yi ganye, wanda na yi wa tsalle, na hana matata gani, na rungumo a cinya a mota, sandar dangar Malam Sale ce.

Kaka ta ɗaga tsinken sama ta ce, "Ga mamacin, ga mai ɗaukar gawa. Mai ɗaukar gawar ne ya yi ƙiba."

Gidan ya fashe. Mata suna riƙe juna, wata ta zauna a kan turmi tana share hawaye. Abokan ango suka ruga zaure don su yi tasu da kyau, ina jiyo su. Mai buhun shinkafa yana cewa "subhanallah, subhanallah," amma kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina durƙushe a gaban bokiti cikin babbar riga, gumi na bin bayana, ina addu'ar ramin da aka haƙa wa inabin ya ɗan ƙara faɗi in shiga.

A wannan lokacin ne, karo na farko tun da na shigo dangin nan, na ɗaga kai na dubi Baba sosai. Ba ya dariya. Ya miƙa hannu Kaka ta ba shi tsinken. Ya juya shi a tafinsa, ya kankare gefensa da farce ko zai ga ɗanye. Babu. Ya dubi wurin da sabon ɗakin ya zauna, ya daɗe yana kallo. Dariyar ta fara mutuwa da kanta, don kowa ya tuna abin da aka sare da wanda ya sa aka sare. Kunyar da nake ji ta koma wani abu mai nauyi. Na so a ce ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Ni na ce a sare."

Ya sa tsinken a aljihun rigarsa. Sannan ya ce, "Shekaru ina cin 'ya'yansa, Malam. Rabona ne ya ƙare." Ya juya wajen Bukar. "Wannan kuma ta sha hanya, ba za a zubar da ita ba. Amma kada ku sa ta nan, saiwarta za ta fasa maka ɗaki. Ku kai ta ƙofar gida."

Haka aka yi. Ni na haƙa ramin da kaina, da babbar rigar da komai, abokan ango na tsaye suna tambayata ko a kawo zuma.

A hanyar komawa Falmata ta juya fuska wajen taga har muka wuce Jajimaji. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kallo ɗaya, Abban Hanifa. Da ka bar ni na yi mata kallo ɗaya."

Daga baya na nemo wani dashen inabi wurin masu sayar da itatuwa na aika, aka sa a gindin 'yar rumfar. Baba ya aiko da godiya. Yana ba shi ruwa, amma Falmata ta ce yanzu ko yara ya sa su zuba ba ya damuwa, kuma na gane abin da hakan ke nufi.

Ceɗiyar kuwa, kamar da gayya, ba ta taɓa yin ko zazzaɓi ba. Yanzu ta wuce katanga, a ƙarƙashinta Baba ke shimfiɗa tabarma da yamma, kuma duk unguwar ba mai kiranta da sunanta. Inabin Malam ake ce mata. Masu babur ma da ita suke kwatance. Duk lokacin da na je gaisuwa a gindinta nake durƙusawa, Baba ya amsa da fara'a, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Kaka Yagana ce dai ba ta gajiya. Tana jin muryata za ta ɗaga tata daga cikin gida: "Angona, har yanzu bai fara 'ya'ya ba, ko sai ka zo da zuma?"

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Dariyar da ka hana matarka ta yi maka a cikin ɗaki, gari guda ne zai yi maka ita a tsakar gidan surukinka. Yanzu ko barkono na shuka a gwangwani, da ya fito sai in kira Falmata in ce ta zo ta faɗa mini sunansa kafin in buɗe baki.